Igiyar Ƙofar Guga

Ƙarfe goma sha ɗaya, ɗakin gwaji na asibiti,
wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak.
Malama Baturiya ta juya madubin na'ura wajen taga,
ta ce, "Ku zo ɗaya-ɗaya, rana ma fitila ce."

A kan gilashi, ɗan yanki ja-ja,
ya fi bawon albasa sirantaka.
Zuciyar wani ce. Ba suna,
sai lamba da tawadarta ta fara koɗewa.

Na sa ido. Dishi-dishi.
Na murɗa kunnen na'ura, sai ga saƙi:
ratsi mai haske, ratsi mai duhu,
irin zanen da kakata ke ɓoyewa a ƙasan adaka.
Amma wannan saƙar tana reshe,
kowace tsoka ta miƙa hannu ta kamo maƙwabciya,
ƙwaya ɗaya zaune a tsakiyarta
kamar ƙwallo a cikin dabino.

Inda biyu suka haɗu akwai ɗinki baƙi.
Malama ta ce ba katanga ba ce kawai,
akwai 'yan kafofi a jikinta,
irin wadda ke tsakanin gidanmu da na su Lantana,
inda ake miƙo garwashi da asuba.
Ta nan saƙo ke bi,
kafin ka ce kwabo duk unguwa ta tashi tare.

"Abin da ya rage ido ba ya kai masa," in ji ta,
ta ɗaga hannuwa biyu ta saƙala yatsu.
"Zare mai kauri, zare siriri.
Ba wanda ke gajarta a cikinsu,
shigewa suke tsakanin juna.
Kalsiyam ya kwararo, ya ɗage mayafi,
mai kauri ya fito da hannuwa,
ya kama siriri, ya ja, ya saki,
ya sake kamawa gaba."

Ban ji sauran ba.
Ina Ƙofar Guga, ina 'yar shekara tara,
babana Sallau a bakin rijiya gaba ashirin,
shi da Mati da Ɗan'azumi a kan igiya ɗaya.
Hannun wannan na sama, na wancan na ƙasa,
ba sa saki lokaci guda,
don kada guga ya koma.
Tafinsa kamar ƙirgi.
Yakan ce, "Ɗiyata, ja ba shi ne aikin ba,
sanin sa'ad da za ka saki."

Daga baya ƙafafunsa suka kumbura,
yana kwana a zaune, matashi uku a bayansa.
Likita ya ɗaga hoto ga haske,
ya ce zuciyar ta buɗe.
Ni a lokacin na zaci yabo ne.
Yau na gane: igiya ce ta miƙe fiye da kima,
hannuwa suna lalube, ba su isa su kama ba.

"Tasalla, kina tare da mu?"
Na ce e.
Ta ce, "To ku rubuta wannan, yana fitowa a jarrabawa:
sakin ma sai da ƙarfi.
In makamashi ya ƙare, hannun ba ya buɗewa.
Shi ya sa gawa ke sandarewa.
Mai rai ne kaɗai ke iya saki."

Na rubuta. Biro na rawa.
Shekara shida igiyarsa na rataye a ɗakina,
Mati ya roƙa sau biyu, na hana.

Na ba na bayana wuri.
A bakin taga na sa yatsu biyu a wuyana:
kama, ja, saki,
kama, ja, saki,
ba wanda ya biya su,
ba su taɓa ganin ruwan da suke ɗebowa ba.

Da la'asar na hau Keke zuwa Ƙofar Guga,
igiya a naɗe cikin leda, a kan cinyata.