Layi na Biyar

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da rajistar kwamiti
a ɗaki na bakwai, bayan zauren majalisa,
inda fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi.
Layi huɗu ne a littafina:
suna, sa hannu, ƙudurin da aka zartar, kuɗin zama.
Ko cikin duhu zan cike su.

Sai aka ba Hajiya Ladidi Tanimu kujera.
Wata Talata ta ari rulata,
ta ja layi na biyar da jan biro,
ta rubuta a samansa: An gani da ido?

Onarabul Jatau ya yi dariya har hula ta karkace.
"Doka muke yi, Hajiya, ba haƙar rijiya ba."
Ta ce, "Wanda ya aiki yaro kasuwa
shi ke tambayar canji."

Rijiyar burtsatse ta Rigasa,
sau uku tana shiga kasafi, sau uku ana tafa mata.
Muka hau bas ran Alhamis, babu jiniya,
mutum biyar cikin sha ɗaya.
Ga famfo a tsaye, fenti sabo fil,
an ɗaure akuya a wuyansa,
'yan ga-ruwa na turo kura ta gabansa.
Wata tsohuwa ta kare rana da tafin hannu, ta ce,
"Buɗewa za a sake yi?"

Ba wanda ya ko yi tari
har muka wuce Bakin Ruwa.

Yanzu duk wata uku ana karanta layin a fili.
Da mazaɓarta ta fara:
ɗakin haihuwa babu rufi.
Ita ta rubuta "a'a", hannunta bai yi rawa ba.
Jatau ya yi wata biyu ba ya gaishe ta.
Ran nan sai ga shi da sassafe, takalmi duk laka,
ya tura mini waya ƙarƙashin hanci,
hoton aji uku da sabon kwano.
"Akawu, rubuta. Da manyan baƙi."

Aiki arba'in da ɗaya ne a shafin,
tara kaɗai suka sami "i".
Saura mata wata goma sha huɗu,
ni kuma baɗi zan ajiye aiki.
Rular tana aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin rasitai.
Ban faɗa wa kowa ba tukuna
sai yaron da nake koya wa rajista.