Ƙusa Uku a Jikin Tsamiya

A bakin Galma, can gefen Soba,
akwai tsamiyar da Baba Nomau ya kafa wa ƙusa uku.
Ta fari daidai gwiwata,
nan ruwa ya tsaya shekarar da na haifi Lantana.
Ta biyu daidai ƙuguna.
Ta uku sai na ɗaga hannu sama,
kuma ba na son faɗin shekararta.

Ruwan nan bai yi sallama ba.
Tsakanin lisha da asuba ya shigo
kamar ɗan gida, ya san ma'ajiyar komai.
Ya fara da rumbun masara,
ya bi ta ɗakin girki ya kashe garwashi,
ya ɗauki takardar gonarmu ya karanta shi kaɗai.
Awakina huɗu suna turke.
Ni na ɗaure su da hannuna,
ƙulli mai kyau,
irin wanda ba ya kwancewa.

Tun daga ranar na koyi zarge.
Ja ɗaya, igiya ta saki.
Na koya wa Cindo, ya koya wa ƙanwarsa,
har suna yi idonsu a rufe,
don dare ba ya ba mutum aron ido.

Bayan ƙyauren ɗakina akwai jaka a rataye.
Katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara,
na naɗe su a leda, na sake naɗewa.
Tocila da batir biyu, ashana cikin kwalba,
maganin hawan jinin Inna Dije,
garin rogo mudu ɗaya, ƙuli-ƙuli, gishiri,
da 'yan kuɗin da na hana kaina sanin suna nan.
Lambar Jatau mai kwalekwale
na rubuta ta da gawayi a bango, sama da kaina,
na kuma sa yaran sun haddace.

Rumbu ya hau duwatsu, kamu uku daga ƙasa.
Irin shuka yana cikin jarka a kan rufi.
Kafin ruwan fari muka yashe kwata,
ni da fartanya, Cindo da tsohon kwano,
muka fidda ledoji har buhu biyu.

Matan unguwa sun sa mini suna:
Kande mai shirin tafiya.
Tanimu mai shayi ya ce,
"Abin da Allah ya rubuto, jaka ba ta gogewa."
Na ce gaskiyarka,
amma Wanda ya rubuto ruwan
Shi ya halicci tudu,
Ya kuma ba ni ƙafa biyu.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Juma'a bayan la'asar
mukan taka zuwa firamaren kan tudu.
Ba ta hanyar fadama ba, ko da ta fi kusa.
Lantana ta goya ƙarami,
Cindo ya riƙe sandar Inna.
Yara sun ɗauka wasa ne.
Na bar su a haka.

Bana rediyo ta yi ta gargaɗi.
Kwana tara ina barci da kunne ɗaya,
waya cike da caji ƙarƙashin matashi.
Galma ta kumbura, ta yi ja,
ta lashi ƙusa ta fari,
ta tsaya tana duban ta biyu,
sannan ta juya.

Aka yi mini dariya a bakin rijiya.
Na sauke jakar, muka jiƙa garin muka sha,
na auno sabo na mayar.

Jiya da magariba sai ga Tanimu a zaure,
yana ta murza hula, yana kallon ƙasa.
Ya ce ba wani abu ba ne,
ƙullin nan ne na awaki,
wai ta ina ake fara shi?