Warin Kifi a Sito na Bakwai

Bayan gadar Ijora, inda tireloli ke kwana a layi,
akwai duro tamanin a sito na bakwai.
Ni ke ɗaga su da inji,
ni ke sauke su, kamar mai sauke ƙwai.

Dimetilamin.
Sai da na yi sati uku kafin sunan ya zauna a harshena.
Injiniya Morenike ta zana mini shi da alli a jikin ƙofa:
naitirojin zaune a tsakiya,
hannuwansa riƙe da tagwayen metil,
haidirojin guda a gefe
kamar ɗan auta riƙe da bakin zane.
Ta ce, "Ɗan mitsitsi ne. Barkono ma haka."

Asalinsa iska ne.
Sanyin ruwan randa ma zafi ne a wurinsa,
shi ya sa aka tsare shi cikin ruwa,
yana can yana jiran murfi ya yi sakaci.
In ya samu hanya ba ya tashi sama.
Ya fi iska nauyi, rarrafe yake,
ya bi kwata, ya bi ƙarƙashin ƙofa,
har ya iske guntun sigari,
ya jawo wutar a baya zuwa gidansu.

Ba a haɗa shi kwana da asid.
Ba a bari ya gaisa da gishirin naitirait,
don abin da suke haifa
shekaru yake yi yana cin hanta a ɓoye.

Daren wata Laraba Barau mai gadi ya ji ƙarni.
Ya ce ai Legas ce,
kifi ne ya ruɓe a bakin ruwa,
ko wuta ce ta ɗauke wa masu firji.
Can sai warin ya ɓace. Ya yi hamdala.
Ashe warin na nan,
hanci ne ya gaji ya daina kai rahoto.

Da asuba na tarar da shi yana hawaye ba kuka,
maƙogwaro kamar ya haɗiyi toka.
Ya ce, "Tanimu, wa ya yi wa fitilu shuɗin rawani?
Kowace na sanye da zobe."
Ashana na hannunsa, butar shayi na jira.

Ban san lokacin da na kama hannun ba.

Minti goma sha biyar a bakin famfo,
ina riƙe fatar idonsa a buɗe,
yana zagina, ina ƙara ruwa.
Duro ɗaya ne, na jere na uku,
tsaga ba ta kai tsinin allura biyu ba.

Kwana biyu hazon ya washe.
Yanzu Barau ko kifin miya ya shaƙa sai ya leƙa sito.

An ce da shi ake yin tayar mota da sabulu,
da maganin ciyawa,
har majema na cire gashi da shi.
To, ba na ƙinsa. Ba na kuma juya masa baya.

In na koma Agege da dare,
na yi wanka biyu, na sauya riga,
Kande takan shinshina wuyana:
"Baba, ka ci kifi. Ina nawa?"
Sai in tsaya wajen mai suyar bakin titi gobe,
in sayo mata na gaske.