Buhu Ɗaya da Ɗoriya

Shekara sha tara ina awon shanshera a Argungu,
sikelina bai taɓa cutar kowa ba.
Ran nan da kasuwa ta watse
na tuɓe takalmi na hau shi da kaina.
Allura ta wuce buhu, ta ƙara gaba.
Namakka ya ce a kawo basilla
a ɗinke ni a jefa a mota.

Gwiwa ce ta kai ni Birnin Kebbi.
Likita ya latsa nan, ya latsa can,
ya tura ni ɗaki na bakwai, wurin malamar abinci.
Malama Zuwaira, siririya kamar sillen kara,
ta miƙo mini takarda mai hotuna
ba ta ko tambayi abin da ake girkawa a gidana ba.

Da safe, tuffa ɗaya da wani kunun gwangwani.
Na taya tuffa a bakin asibiti,
kuɗinta zai saya mini tarwaɗa biyu.
Da rana, wani ganye mai kama da ƙaramar bishiya.
Na zaga masu kayan miya da hotonsa,
wani tsoho ya ce ko na basir ne?
Da dare, tuwo daidai dunƙulen hannu.

Hannun wa, Malama?
Naki mai riƙe biro
ko nawa da ke ciccibar buhu?

Mu biyar muke sa hannu a tire guda,
ni da ƙannena da ɗan wana.
Ta ina zan shata iyaka a cikin tuwon shinkafa?
Na yi loma huɗu na tsame hannu,
Tumba ta leƙo daga madafa,
ta ɗanɗana miyarta sau biyu,
daren nan bango ta juya wa fuska.

Inna kuwa kirana ta yi ɗaki, ta rage murya:
“Wanga rama da kaka nema, mi as same ka?
In ciwo na, hwaɗa mini.
Ubanka da tumbinai ya kai tamanin.”

Kin ce in riƙa tafiyar rabin awa.
Na fita bayan asuba, na nufi gulbi.
Kafin in kai gada babur uku sun tsaya:
“Alhaji, lafiya? Mashin ɗin ya lalace?”
Na huɗun surukina ne.
Na hau.

Kin ce ban da fura.
Yaya zan gaya wa Dije, da ta shekara goma
tana sauke ƙwarya a gindin rumfata,
cewa wata takarda ta raba mu?

Duk da haka na yi, Allah shaida.
Na sha shayi ba sukari, kamar ruwan wankin tukunya.
Na wuce mai tsire ina kallon sama.
Na kwana cikina yana kiran sunana
har zakaran maƙwabta ya karɓe shi.

Wata ya cika na koma.
Sikelinki ya ce rabin kilo.
Rabin kilo!
Abin da nake share wa manomi a ƙasan buhu
in ce ya bar shi, ƙaiƙayi ne.
Kika dube ni ta saman tabarau:
“Ka dai bi takarda?”

Na ce a rubuta mini da zogale,
da rama, da yakuwa, da ƙarfasar gulbinmu,
a gaya mini ludayi nawa, ba giram ba.
Kika ce ba su cikin kwamfuta,
na gaba ya shigo.

Takardar tana nan, ban yar ba.
Ita nake fifita da ita in rana ta take.
Jiya Tumba, ba ta ce mini komai ba,
ta ajiye mini kwaɗon zogale a ƙaramin kwano,
ƙuli kaɗan, mai ko ɗigo,
ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Na cinye tas.
Ban ƙoshi ba.
Ban kuma faɗa mata ba.