Kayan da Hanya Ta Ƙi Ɗauka

Ƙarfe tara na dare a Mabera,
an ɗauke wuta, janareton Modi na tari,
ni da kwamfuta muna harara juna.
Littafin dukawa ne, shafi sittin da huɗu,
mako uku ina jera shi:
jar fatar akuya, jaka, kube, takalmi, matashin kai,
kowane da hotonsa, kowane da sunan mai ɗinkinsa.
Gobe da hantsi maɗaba'a ke son shi a Kaduna.

Megabait ɗari takwas da sha biyu.
Na danna aikawa, sai ya hau rarrafe
kamar jakin da aka labta wa albasar Gada,
ya kai kashi tara, ya durƙusa.
Data ta tafi, saƙo na nan inda yake.

Jabbi mai shayi ya leƙo ta taga.
"Har yanzu?"
Na ce kaya sun fi ƙarfin hanya.
Ya ce, "In kaya sun yi yawa
ba jaki ake duka ba, mangala ake kwancewa."

Na kwance.

Tambarin ƙungiya na fara gani,
ashe sau sittin da huɗu na cusa shi,
kowane shafi da nasa,
kamar gidan da kowane ɗaki ya haƙa rijiyarsa.
Na bar guda, sauran su ɗebo daga gare ta.

Hotunan da na ce na yanke wa gefe,
ashe lulluɓe su kawai na yi.
Ga rabin kasuwa kwance a bayan firam,
babur ɗin wani, ƙafar wani,
sararin sama da ba wanda ya yi odarsa.
Ido bai gani ba, amma sikeli ya sani.
Wannan karon na sa wuƙa da gaske.

Wani hoton a takarda bai wuce tafin hannu ba,
cikinsa kuwa ya isa allon talla a shataletale.
Ɗigo ɗari uku a inci,
mai injin bai taɓa neman fiye da haka ba.
Na rage, na matse,
ɗari biyu, tasa'in, arba'in,
talatin da ɗaya.
Ƙofar imel kuwa ashirin da biyar take bari.

Saura shida.
Shidan nan na shafi na arba'in.

Hannun Baba Altine ne, riƙe da basilla,
yatsun sun rine da jima ta shekara hamsin,
zare ya ratsa fata, bai gama fita ba.
Da damina aka rufe shi.
Hoton ke nan guda, jikarsa Luba ta kawo a waya,
ta ce, "Don Allah a ga ɗinkin."

Na gwada matse shi.
Ɗinkin ya narke kamar fura a nono,
tsagar babban yatsa ta shafe,
hannu ya koma na kowa.
Na mayar da shi da sauri,
kamar na taka wa tsoho riga.

Sai na juya kan nawa.
Adon da na zana a bakin kowane shafi,
kwana biyu na yi a kansa, ina jin daɗin kaina,
na cire.
Launin da ke shuɗewa daga ja zuwa ruwan ƙasa,
na cire.
Hoton shugaban ƙungiya mai cin shafi guda
ya koma rabi, hularsa dai ba ta rage tsawo ba.

Ashirin da huɗu da ɗigo bakwai.

Sha biyu da arba'in ya wuce,
ba tare da ya ko waiwayo ba.
Modi ya kashe janareto, unguwa ta yi tsit.
Jabbi ya tashi tuntuni,
ya bar min kofi a bakin taga,
an rufe da murfin gwangwani,
ya huce, na shanye.