Littafin Kawu Barau

Kawu Barau ya yi shekara talatin yana auna ruwan sama
a gonar gwamnati.
Ya ajiye aiki, bai ajiye awo ba.
Da hantsi yakan girke ƙwarya a tsakar gida,
ya zuba ruwan baba, baƙi ƙirin,
ya sunkuya yana leƙen rana a ciki
kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwar Gujungu.

"Ta yi ƙuraje," in ji shi. "Yau biyar."
Ya lashi fensir, ya rubuta.

Layi uku ne a littafin:
tabon rana, ruwan da kogi ya kawo, gawar da aka kai.
Ga shekarar da sanƙarau ya sandarar da wuyan yara,
ga wadda kogi ya tumbatsa
ya kwashe shinkafa har da kunyoyinta,
ga Marisuwa, wadda bai gani ba,
kakarsa ce ta ƙirga masa da yatsu.
Ya ce duk shekara goma sha ɗaya rana kan yi zazzaɓi,
mu kuma mu kwanta mata.

Inna Tasalla tsaki take yi.
"Rana tana can, masai yana nan,
taku huɗu daga bakin rijiya.
Bar sama, malam, dubi ƙasa."
Liman ya ce da rana da kogi da cuta duk bayi ne,
ba mai motsi sai an ce masa.

Tsufa ne ya ɗauki Kawu, ba annoba ba.
Littafin ya zo hannuna, gefensa ya sha ruwa.
Na bi shi da yatsa.
Wasu shekarun sun zauna daram, kamar murfi da tukunya.
Wata kuwa rana fes, ko ɗigo,
amma amai da gudawa ya ɗauke Lantana
tsakanin la'asar da asuba.
A nan bai sa lamba ba.
Sunanta ya rubuta, sau biyu.

Yanzu an kafa faranti a kan tanki, bayan firamare,
rana ce ke jawo mana ruwa daga ƙarƙashin ƙasa,
yara na layi da jarkoki.

Jiya na girke ƙwaryar.
Idona ya cika da hawaye, ban ƙirga komai ba.
Na bar layin farko fayau.
Na biyu kuwa, tun shekaranjiya
kogi ya taɓa gindin tsamiyar Miga.