Mai Cika Kumfa

Jikata Corinne ta zo da kwali daga Yonkers,
kowane littafi cikin ledarsa, sai ka ce magani.
Ta ce, Kaka, wane zamani ya fi iya rubutu?
Na ce miƙo mini tabarau tukuna.

Ni ban zana damtse ba, ban ƙaga labari ba.
Aikina kumfar nan da ke bisa kan jarumi:
wani ya rubuta, ni in dasa maganar a ciki,
harafi bayan harafi, shekara arba'in da bakwai.
Wanda ya tauna kowace kalma da bakin alƙalami
ya san mai gishiri, ya san lami.

Ku kuka raɗa masa zamanin zinariya.
Mu da ke ciki gwangwani muka gani:
hawa na shida a Manhattan, mu tara, fanka ɗaya,
dala biyu kowane shafi.
A zana jarumi ya naushi ɓarawo,
a rubuta a ƙasa, Ya naushi ɓarawo!
shi ma ya buɗe baki, Ga naushi, ɓarawo!
Haɓa ɗaya, labari uku.
Amma yaran da iyayensu maza ba su dawo daga yaƙi ba
ba azanci suka zo saye ba,
sun zo neman ƙirjin da harsashi ba ya hudawa.

Sai aka kafa masu tacewa.
Ba jini, ba gawa, ba ɗan sanda mai karɓar na goro.
Da aka ɗaure marubuta, sai suka yi rawa da igiyar:
gwaggon biri mai digiri,
wata da aka sace ranar Talata,
jarumi ya auri inuwarsa don ya ceci Ohio.
Azurfa kuka ce.
Alamar motsin rai a gindin kowace jimla,
ko barka da asuba da ihu ake yin ta.
Dubu nawa na ɗiga? Tambayi wuyan hannuna.

A na tagulla samari masu dogon gashi suka shigo, jarida a hammata,
suka ɗora wa jarumi kuɗin haya da aboki mai shan ƙwaya.
Niyya ta yi kyau, baki ya yi yawa,
wa'azi ya kumbura kumfa har ta rufe fuskar mai yinsa.

Bayansu duhu.
Kowa ya murtuke, ruwan sama ba ya ɗaukewa,
bindiga ta fi mai ita ƙiba.
Biyu ko uku sun rubuta abin da ya hana ni barci,
sauran suka ari baƙar tawadar, suka bar hankalin a kwalba.
Daga nan inji ya koyi hannuna,
aka ba ni agogo, aka nuna mini ƙofa.

Corinne ta ce, To, wanne?

Na zaro ɗaya daga ƙasan kwali,
wanda ba a ga ya cancanci leda ba.
Hesh Lindauer ya rubuta shi,
makon da ya binne matarsa.
Shafi na sha tara:
jarumi ya dawo daga ture tauraro mai wutsiya,
ya shiga kicin, alkyabba na jan ƙasa,
ya sauko da kofi biyu,
ya tsaya,
ya mayar da ɗaya.
Kumfar 'yar mitsitsiya ce: Na manta.

Edita ya ce a sa mata motsin rai.
Na ce to.
Na ɗiga aya.
Har yau ba wanda ya kama ni.

Ta duba kundin farashi, ta ce dala huɗu ne,
ta ce, wannan a wane zamani yake?
Na ce Laraba ce.
Ana zubar dusar ƙanƙara,
Hesh ya wuni bai cire hularsa ba.